Maganar shiga kulob a Legas, ni dai ga inda na tsaya

Daren Asabar ɗin nan da ta wuce saura ƙiris majalisarmu ta Agege ta watse, kuma ba siyasa ce ta jawo ba, ba ƙwallo ba, maganar kulob ce. Wani abokinmu ɗan canji da ke zama wajen titin Allen a Ikeja ne ya saki baki ya ce ya karɓo fom zai shiga ɗaya daga cikin kulob-kulob ɗin nan na manya, ai kuwa kafin ya rufe baki an yi masa caa. Wani ya ce "haba Alhaji, gidan giya za ka kai kuɗinka?" wani ya ce abin da za ka zuba a can ai ya kai ka Umara kai da uwargida har da amarya, wani dattijo kuma da ba ya cika magana ya ajiye kofin shayinsa ya ce shi dai abin da ya sani kulob wajen 'yan asiri ne, yau ka cike fom gobe a ce ka kawo ɗanka. Aka kwashe da dariya amma fa shi ba wasa yake ba. Ni kaɗai na tsaya wa mutumin, ni ɗin ma ban samu na ƙarasa ba don mai shayi ya fara kife bencina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda zai zage ni ya zage ni da hujja.

A Agege aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da shanu ya fara zuwa nan a jirgin ƙasa yana komawa da goro, daga baya ya yi aure ya zauna. Ni kuma harkar manyan motoci nake yi, ina ɗaukar kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can zuwa Kano da Kaduna. Har yau ni ba mamba ba ne a ko'ina, amma an sha shiga da ni a matsayin baƙo, don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba.

Kuma a bambance aya da tsakuwa tukuna, don rabin masu hayaniyar nan da sun ji kulob sai hankalinsu ya tafi wajen rawar dare da fitilu masu walƙiya da 'yan mata. Ba shi ake nufi ba. Wanda ake magana wuri ne mai katanga da get, ba ka shiga sai kana da katin mamba ko wani mamba ya sa maka hannu a littafi, a ciki akwai filin tanis, wurin ninkaya, wani da filin golf, wajen cin abinci, ɗakin taro, kuma e, akwai wajen shan giya, zan zo kansa ba zan tsallake ba. Ba kuma kuɗi kaɗai ke shigar da mutum ba, sai tsofaffin mambobi sun tsaya maka, a liƙa sunanka a allon sanarwa ko wani na da ƙorafi a kanka, a kira ka intabiyu, ka jira. Akwai masu kuɗin da suka jira har suka gaji.

Abin nan ya girmi kakannin da yawa daga cikinmu a garin nan. Lagos Lawn Tennis Club tun 1895 yake. Kulob ɗin folo na Ikoyi 1904. Ikoyi Club kuwa shekararsa na manne a sunansa, 1938, lokacin da aka haɗe kulob ɗin Turawa da na 'yan golf suka zama ɗaya, kuma a zamanin baƙar fata in ya shiga to aiki ya kawo shi, ko dai ɗaukar tire ko yankan ciyawa. To abin da ke burge ni shi ne yadda 'yan bokon Legas suka yi da aka rufe musu ƙofa. Ba su koma gefe suna cewa ai dama can wurin banza ne ba, don sun gane cewa a teburin nan Bature ke gama magana da Bature kafin a zo ofis a sa hannu. Sai suka kafa nasu, Yoruba Tennis Club a 1926, Island Club a 1943, duka biyun suna Onikan har gobe, daga baya Metropolitan Club ya zo a 1959. Jikokinsu ne yau ke zaune a waɗannan kujerun, lauyoyi, alƙalai, manyan banki, masu kamfanoni, kuma da yawa ba su taɓa neman kowa ya gabatar da su ga kowa ba saboda tare suka koyi ninkaya suna yara.

Mu fa? Mu ma muna ciki ai, wannan shi ne abin da ke min ciwo. Ka shiga kulob ɗin da ka ga dama a Legas da wuya ka fito ba ka ji Hausa ba. Mai gadi namu ne. Mai tsire a bakin ciyawa namu ne, kuma layi ake yi a gabansa. Ka je wajen folo ka ga masu wanke dawaki da ba su dusa da ɗaura sirdi, yaranmu ne daga Katsina da Kano da Zariya. Shi folon ma ai ba baƙonmu ba ne, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan tun zamanin Turawa, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa, kuma duk shekara in ana gasar Legas daga Arewa ake lodo dawaki a tirela, ni kaina na san direbobin da ke wannan aikin. Ban ce babu manyan Arewa a cikin mambobi ba, akwai su, musamman ta ɓangaren folo da tsofaffin sojoji da manyan ma'aikata tun lokacin da Legas ke babban birni kafin a koma Abuja a 1991. Amma ɗan kasuwar da ke sauke tirela goma ta tumatir da albasa a Mile 12, ko mai shanu a Oko-Oba, ko mai raguna a Alaba Rago, ko ɗan canjin da kuɗin da ke ratsa hannunsa a sati ya fi albashin manajan banki na shekara, shi ba ya ciki, kuma ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kujerar nan shi ma tasa ce ba.

Ranar da na fara shiga ba zan manta ba don na sha kunya. Wani lauya Bayerabe da ke duba min takardun motoci ne ya ce in same shi da yamma a kulob ɗinsu, ba zan faɗi wanne ba. Na sha shadda na kafa hula na isa, mai gadi ya leƙo ta gilashi ya gan ni sai ya washe baki ya ce "Alhaji sannu da zuwa, canji aka kira ka?" Na ce a'a, wajen Barista na zo. Ya ce to sai ka jira a fito a sa maka hannu. Na yi kusan minti ashirin a gefe ina kallon yara ƙanana da jakar ninkaya suna wucewa abinsu babu mai tambayarsu. Da muka shiga aka zauna da wasu mutum huɗu, ni kuma da ɗabi'ar kasuwa ko gaisuwa ba a gama ba na zaro katina mai lambar waya na bi kowa da ɗai-ɗai ina cewa in akwai kaya zuwa Arewa ga ni. Suka karɓa da murmushi, wani ya sa nasa a ƙarƙashin kofi. Da aka gama cin farfesun kifi na yunƙura zan biya don kar a ce Bahaushe ya zo ya ci bulus, mai kawo abincin ya ce baƙo ba ya biya a nan. A mota Barista ya dafa kafaɗata ya ce "Alhaji, nan ba Apapa ba ne, in ka zo da jakar talla kowa zai gudu, ka zo kawai ka zauna." Ranar haushinsa na ji, wallahi har na ce ba zan sake ba.

Amma na sake, kuma a zuwa na huɗu ko na biyar ne abin ya faɗo min. Ina shirin sayen wani fili a bayan gari in riƙa ajiye motoci, 'yan ƙasa masu filin, omo onile ɗin nan, sun nuna min takardu har mun yi ciniki saura in tura kuɗi ranar Litinin. Muna zaune ana hirar ruwan sama da yadda hanya ta lalace sai na ambaci unguwar, ba da wata manufa ba. Wani tsoho mai farin gashi da ke gefe yana cin gyaɗa, wanda daga baya na ji tsohon safiyo ne, ya ɗago ya ce ta wane gefen titi? Na faɗa masa. Ya ce kar ka ba kowa kobo sai ka kai takardar awon filin ofishin gwamnatin jiha da ke Alausa an duba, don shi a saninsa gwamnati ta daɗe da ɗora hannu a kan wannan ɓangaren. Ya koma kan gyaɗarsa. Na kai aka duba, maganarsa ta fito daidai. Mutumin nan bai san sunana ba sosai, bai nemi ko sisi ba, kuma da ofishinsa na je nemansa da ko sakatariyarsa ba zan wuce ba. Kuɗin da na so in zuba a ramin nan da sun biya min kulob shekara da shekaru.

To wannan shi ne abin da nake ta so in faɗa wa mutanenmu a majalisa. Wanda ya shiga kulob don a ba shi kwangila ya yi asarar kuɗinsa, babu mai raba kwangila a bakin filin tanis, kuma suna gane mai farauta tun daga tafiyarsa. Abin da kake saye shi ne a saba ganinka. Yau an gan ka, jibi an gan ka, an ga yadda kake yi wa mai kawo abinci magana, an ga ko kana cika lokaci, an ga yadda fuskarka take in an cinye ka a wasa, a hankali sai ka tashi daga "wani malam" ka koma mutum mai suna. Ranar da matsala ta taso kuwa ba sabon sani za ka nema ba, waya kawai za ka ɗaga. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuma a garin nan kullum sai an kama mota ko an rufe shago ko an kawo takardar tashi sannan za ka ga ana zarya ana tambayar wa ya san wani a sama.

Ku tuna watan Yunin 2022 da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland. Su wa abin ya fi dokewa? Yaranmu. Ban ce a kulob aka yanke hukuncin ba, kuma ban ce babu laifin masu baburan ba, don ni ma sun sha karce min mota. Amma ra'ayin manyan gari a kan ɗan Arewa a irin waɗannan teburan yake dahuwa, wani ya ba da labarin yadda ɗan acaɓa ya bi hannun da ba nasa ba, wani ya ƙara gishiri, kuma babu ko mutum ɗaya a wurin da zai ce tsaya, ni na san yaran nan, ga abin da ya koro su daga gida, ga yadda za a tsara su. In ba ka wurin, da bakin wani za a ba da labarinka. Mu sai dai mu ji a rediyo mu yi Allah ya isa.

Kar wani ya ɗauka raina majalisa nake yi. Ranar da mahaifina ya rasu kafin in dawo daga Apapa 'yan majalisar nan sun sayo likkafani, sun yi magana da maƙabarta, sun kafa rumfa sun shimfiɗa tabarmi, kwana uku ban san inda abincin baƙi ke fitowa ba. Babu kulob ɗin da zai yi maka haka, iyakaci a liƙa hotonka a allo a yi shiru na minti ɗaya. In jarinka ya karye a majalisa za a haɗa maka wani abu ba takarda ba shaida. Sai dai majalisa tana da iyakarta, duk wanda ke kan bencin nan abin da ka sani shi ya sani, wanda ka sani shi ya sani, labarin da ka ji a WhatsApp da safe shi za a maimaita maka da dare. Mu goma sha biyu ne, babu lauya, babu likita, babu injiniya, babu wanda ya taɓa zama da kwamishina in ba a hoto ba. Shekara ashirin muna juya magana ɗaya kamar waina.

Maganar giya kuwa ba zan yi wa kowa kwana-kwana ba. Akwai ta, kuma da daddare ita ce sarauniyar wurin. Malamanmu na kawo hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake shan giya, kuma ni ba malami ba ne balle in ce zan sassauta wa wani abin da Annabi ya hana. Abin da na gani da idona dai shi ne wurin ba ɗaki ɗaya ba ne. Da sassafe filin wasa cike yake da mutane da robar ruwa, masu hawan jini da masu suga da likita ya ce su motsa, ana gamawa a zauna a sha shayi kowa ya kama gabansa, kuma a wannan zaman na safe ma aka fi yin magana mai amfani don kowa na cikin hayyacinsa. Alhazan Yarbawa da yawa haka suke yi, na ga wanda ya ajiye raket ya yi alwala ya shimfiɗa darduma a gefe babu wanda ya kalle shi sau biyu. Amma wanda ya san zuciyarsa ba ta da birki, wanda ya san in aka ce "ɗan taɓa kaɗan mana Alhaji" ba zai iya cewa a'a ba, to ya zauna a gida, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma na san mutum ɗaya namu da ya shiga da carbi a hannu yanzu ko sallar Juma'a sai an yi sa'a. Wannan ma gaskiya ce kuma dole a faɗe ta.

Sai kuɗi. Manyan kulob-kulob ɗin kuɗin shigarsu miliyoyi ne, ga na shekara-shekara, ga ɗan abin da za ka ci ka sha duk zuwa, ga gudummawar wannan da ta wancan. In sai ka ci bashi ko ka taɓa jari ko kuɗin makarantar yara kafin ka biya, ba naka ba ne tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. In kuma don a ga sitika a gilashin motarka ne, ko ka ɗau hoto ka sa a Instagram, to wannan kam dattijon majalisarmu ya fi ka gaskiya. Akwai ma sababbi da ke ta ɓullowa a Victoria Island da Lekki, wasu na kamfani ne kawai mai neman riba, ba mambobi ke da shi ba, kujeru masu laushi da sanyin AC da kowa na danna waya yana jiran babban mutum ya shigo, alhali duk 'yan jira ne. Kafin ka biya ka sa a shiga da kai sau biyu sau uku, ka ga su wa ke zuwa ranar Talata da rana, ba ranar biki ba.

Ka kuma duba nisa, don wannan garin gosilo ne ke yanke wa mutum zumunci. Kana Agege ka je ka yi rajista a Ikoyi, sai ka hau gadar Third Mainland duk lokacin da za ka je, na rantse wata uku za ka yi ka daina, katin ya zama ado a walat. Ga Lagos Country Club nan a GRA ta Ikeja tun 1949, kusa da mu. Wanda kuma bai kai nan ba akwai matakala ta ƙasa, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Legas wadda ke shirya baje kolin nan na duk shekara tana nan tun 1888, akwai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, akwai taron masu gidaje na unguwa da mu Hausawa ba mu cika zuwa ba sai dai mu aika da kuɗin gadi. Duk ɗaya ne abin da ake nema, ka zauna da wanda ba irinka ba har ya daina ganinka baƙo.

Wani a majalisa ya ce to me zai hana mu kafa namu? Na ce masa bismillah, amma ya tuna ƙungiyoyi nawa muka kafa a garin nan suka mutu a kan wa zai zama shugaba da wa zai riƙe kuɗi, wasu ma tun ranar rabon muƙami ake rabuwa gida biyu kowa da hatiminsa. Su waɗancan abin da ya riƙe su shekara tamanin, ɗari, ba wai sun fi mu son juna ba ne, suna faɗa su ma sosai, amma akwai tsarin mulki a rubuce, akwai zaɓe, ana karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, kuma in ba ka biya ba za a liƙa sunanka ko kai wane ne. Ko wannan kaɗai muka je muka koyo ya isa. Kuma ko mun kafa namu, in mu kaɗai ne a ciki ai majalisa ce muka yi wa rufin kwano.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma yara ne. 'Yata ta fari tana jami'a tana karanta lauya, ƙannenta maza biyu a nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, amma duk wanda suka sani daga layinmu ne zuwa islamiyya. Ranar da na tsaya a get ɗin nan ina kallon yaran mutane na wucewa da jakar ninkaya, nawa na tuna.

Shi dai abokin namu ɗan canji yana nan yana jiran a kira shi intabiyu. Jiya ya bugo min yana tambaya wai kwat zai saka ko yaya, don bai taɓa ɗaura nakatayel ba a rayuwarsa. Na ce masa ya sa babbar rigarsa ya kafa zanna bukar ɗinsa ya tafi, kawai dai ya bar katunan nan nasa a mota. Ni kuma Barista ya ce zai tsaya min, saura mutum na biyu. Na riga na sayi raket da farin takalmi, uwargida ta gan su a bayan ƙofa ta kalli tumbina ta kalle su, ta ce "Alhaji, wa za a buga wa?"